Shekarar da Baba Ya Tare Ruwa ta Wajen Teku

Shekaranjiya na kwance darnin gidana. Zana tara ce, na kwance bakwai, na naɗe rumbuna da su tun daga gindi har wuya, ko'ina da ko'ina, na ɗaure da igiyar guga. Yanzu duk wanda ya bi hanyar rijiya yana ganin tukunyata bisa murhu, yana ganin inda nake shanya tsummokaran jinjiri. Surukata ta zo ta tsaya inda dā ƙofa take, ta dube ni, ta dubi rumbun, ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin inda anka tuɓe mutane anka yi wa rumbu sutura ba. Ta tambaye ni ko ɗanta ya sani. Na ce zan aika masa da murya can Abija, garin bakin teku, in an samu rezo, wato layin waya.

Rediyon wayata ne ya ja. Ina daka da hantsi, jinjiri goye, sai wani mutumin meteyo, masu duba yanayi, ya ce bana sun duba ruwan teku, sun auna zafinsa da sanyinsa, kuma abin da sunka gani ya nuna damina za ta yi nauyi wajenmu, masu ginin ƙasa su shirya. Da na ji ya ce teku sai taɓarya ta kuɓuce mini ta bugi bakin turmi. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani mafi girma shi ne tabkin bayan gari in ya cika. Amma teku ta taɓa shigowa gidanmu, ina da shekara tara, a ƙauyenmu kusa da Tajaye, kuma ta fita da abin da ta fita da shi.

Daminar da ta gabaci waccan, ruwa ya ɗauke da wuri. Ɗan abin da Baba ya samu ya zuba shi a rumbun ƙasa da ke tsakar gidanmu, irin manyan nan masu ciki kamar tulu, tsaye bisa duwatsu. Ya hau tsani ya liƙe bakin da laka, ya kifa masa jinka, ya ɗauki jakarsa ya tafi Abija cin rani. Haka ake yi wajenmu. Hatsin gandu na lokacin noma ne. In maigida ya liƙe rumbu ba mai buɗe shi sai shi, kuma sai ruwa ya sauka an shiga aiki. Abin da mace za ta ci da ɗiyanta da rani, ita da dabararta.

Inna ta riƙe mu da waken 'yar gonarta har ya ƙare. Daga nan sai dusa, sai anza, 'ya'yan iccen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, kuma ko an dafa ɗacin na nan maƙale a maƙogwaro har dare. Bazarar shekarar ƙasa ƙuna take yi. In an aike ni rijiya gudu nake daga inuwa zuwa inuwa. Kaji su shige ƙarƙashin rumbu su buɗe baki, ni da ƙanwata Rabi, 'yar shekara biyu, mu bi su. Akwai wata 'yar tsaga a cikin rumbun da ƙamshin hatsi ke fitowa. Rabi lasar wurin take yi. Rannan na samu tsinke ina zungurar tsagar ko ƙwaya za ta faɗo, Inna ta kama ni. Ta yi mini duka da igiyar jaki, har yau tabon na nan a cinyata, tana duka hawaye na zubo mata, ta ce in na ƙara taɓa rumbun nan sai ta karya mini hannu. Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta faɗin sunana, ke wagga take ce mini. Ranar ko wannan ɗin ba ta ce ba.

Jakinmu ma yunwar ta kai masa. Ya tsinke igiya ya afka wa zanar da ke kewaye da rumbun, wadda ke tare masa dukan ruwa. Kafin Inna ta dawo daga icce ta kore shi da taɓarya, ya bar rumbun tsirara. Ga shi gamba ba ta yi ba a shekarar, zana sai wane da wane.

Baba ya dawo saura kaɗan ruwa ya sauka. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Aikinsa can jan taru ne tare da masunta, da ɗaukar kifi a ka zuwa mota. Ya zo da rabin buhun garin rogo, da sabulu, da bakin da ba ya gajiya da zancen teku. Ya taɓa yin damina guda can bai dawo gida ba, shi ya sa yake ganin ya san abin da sauran 'yan cin rani ba su sani ba.

Bayan la'asar, gindin iccen bedin ƙofar gida, sai ya ce wa mutane ruwan nan da suke roƙo shi ya ga gidan da yake fitowa. Ya ce da safe za ka ga tururi na tashi bisa teku kamar an buɗe tukunyar tuwo, ya taru ya zama girgije, iska ta koro shi bisa ƙasa. Ya ce masunta sun gaya masa akwai lokacin da teku ke yin sanyi, in ka sa ƙafa sai ka ɗauke, ƙananan kifi su cika taru. A lokacin ne ruwan sama ke barin garinsu ya yi arewa, su ce masa, ga shi can ya tafi garinku. Shekarar da teku ta ƙi yin sanyi kuwa, sai ta riƙe ruwan can wajenta, mu nan mu sha rana. Bara, in ji shi, kifi bai zo ba, tekun ɗumi gare ta kamar ruwan wankan jego, shi ya sa gonarmu ta ƙone.

Wan Baba, Baba Illo, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, shi ya laƙa masa suna Na-Teku. Ya ce wato yanzu Allah ya bar rabon ruwa hannun kifi. Baba ya ce shi bai faɗi haka ba, Allah ne ya yi tekun ya yi iskar, kamar yadda ya yi jakin da ke kawo ruwa daga rijiya, kuma ba wanda ya taɓa cewa jaki ya halicci ruwa. Baba Illo ya ce gaskiya ne, ga ma jakin nan ya dawo daga Abija. Anka bushe da dariya. Ina leƙe ta zaure, na ga Baba bai yi ba.

Sai iska ta juya. Ta fara busowa daga kudu maso yamma, da ɗan danshi. Gishirin Inna ya yi laushi cikin ƙwarya, ƙofar ɗaki ta fara cijewa. Baba ya riƙa tsayawa tsakar gida ya fuskanci wajen, ya ce mu shaƙa, wai ƙamshin teku ne. Ni dai warin garke nake ji. Ruwan shuka ya sauka ranar wata Juma'a. Da gari ya waye Baba na gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Da munka dawo ya hau tsani ya fasa lakar bakin rumbu ya miƙo dami ɗaya. Hurar da Inna ta dama ranar, Rabi ta sa kai cikin ƙwaryar ta ƙi fitarwa, sai da anka ɓamɓare ta tana cizon hannun Inna. Baba ya leƙa cikin rumbun ya daɗe, ya ce in an yi tattali zai kai mu kaka, ba ragi ba ƙari.

Hatsi ya tsiro, anka yi noman fari. Ranar kasuwar Illela Baba ya tafi da agogonsa ya dawo babu shi, jaki na ɗauke da zana huɗu. Ya kuma shiga telesantir, shagon buga waya, ya kira wani abokinsa da ya zauna Abija. Abokin ya ce masa bana teku ta yi sanyi da wuri, kifi har zubarwa ake yi. Baba ya shigo gida idonsa na ƙyalli. Ya ce bana shekarar marka ce, ruwan nan na yamma mai sauka a hankali kwana da kwanaki ba rana, wanda ke jiƙa gini har ya narke kamar sukari.

Zana huɗu rabin rumbu kawai take rufewa. Kuma kowa wajenmu ya san gabas ake tarewa. Duba kowane gida, bangon gabas ya fi kaurin yaɓe, ba mai buɗe taga ta can. Baba ya ɗauki zanarsa ya zagaya ya ɗaure ta wajen kudu da yamma. Baba Illo ya leƙo ta bisa katanga.

"Sha'aibu, mi kake yi haka?"

"Abin da kag gani."

"Tun kakanninmu ta gabas hadari ka tasowa. Ko Abija ta juya maka alƙibla?"

"Na gabas wucewa shikai, yaya. Na bana zama za shi yi, kuma ta nan za shi biyo."

"To, Allah shi kawo baƙuwar lafiya. In ta iso ka ce ina gaishe ta."

Inna ta bari sai da ya sauka, ta ce wa Baba a hankali ko a raba, biyu nan biyu can. Ya ce rabin riga ta ko'ina tsiraici ne ta ko'ina, kuma wadda ba ta taɓa wuce Ƙonni ba ta bar masa zancen ruwa. Amma in ya tafi gona sai Inna ta kwaɓa laka da kashin jaki ta riƙa shafa wa rumbun ta gabas, iyakar inda hannunta ya kai.

Ranar da abin ya faru, tun safe garin ya yi tsit. Iskar ma ta tsaya. Gumi na zuba ko ba ka motsa ba, tururuwa na kwasar ƙwayayenta suna hawan bango. Baba na gona. Bayan azahar na fito zubar da toka na ga gabas ta yi ja, ƙarƙashin jan kuma baƙi ƙirin, kamar an kifa tukunya bisa duniya. Kafin in kira Inna kaji sun shige ɗaki da kansu.

Iskar ta fara da jinkar rumbu. Ta ɗauke ta kamar hula, na ga ta tsallake katanga tana juyi. Kwanon ɗakin maƙwabta ya taso yana kuka, ya sari jakinmu a cinya, jini ya yi tsartuwa, jakin ya tsinke ya fita ya bar igiya. Sannan ruwan ya iso. Daga gefe yake zuwa kamar ana watsa mana tsakuwa, da ƙanƙara a ciki. Aradu ta faɗa wa gawon bayan gida, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Inna ta tura mu ɗaki, ta ce in na bar Rabi ta fita sai ta yanka ni. Ta ɗauki tabarma ta jingina tsani za ta rufe bakin rumbun, don ruwa cikin hatsin yake zuba kai tsaye. Ta kai tsakiyar tsani iska ta kwashe ta da ita da tsanin ta maka da ƙasa. Ta tashi goshinta a fashe, ta sake jinginawa, ta sake faɗuwa.

Baba ya shigo da gudu, ba hula ba takalmi. Ya duba sau ɗaya ya gane. Ya zagaya yamma yana son kwance zana ya maido gabas, igiyar ta sha ruwa ta ƙi. Ya sa haƙori, ya sa wuƙa, ya samu ɗaya, yana ɗaga ta iska ta fizge ta daga hannunsa ta tafi da ita. Ta bakin ƙofa ina ganin cikin rumbun ta gabas yana zuba, jar laka na gangarowa kamar an yanka sa. Yaɓen Inna ya riƙe iyakar tsayinta, daga nan zuwa sama duk ya tafi. Ruwan tsakar gida ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, yana haƙar gindin duwatsun. Baba ya ɗauko tsanin ya tokare rumbun, ya ƙara da kafaɗarsa. Yana ihu, ban ji abin da yake faɗi ba. Rumbun ya yi wani irin nishi. Inna ta kama rigar Baba ta baya ta fizgo shi, sai cikin ya tsage daga baki har gindi ya zube inda yake tsaye. Wani ɓangare ya same shi a hannu.

Dammanmu sunka gangaro cikin ruwa. Wasu sunka nutse ƙarƙashin laka, wasu sunka bi ruwa sunka nufi zaure. Na manta da maganar Inna, na saki Rabi na fita na kwanta bisa dami ɗaya na rungume shi, ruwa na shiga mini hanci. Hatsin da anka doke ni saboda ƙwaya ɗayarsa, ga shi yana wucewa ta gefena zangarniya zangarniya.

Da ruwan ya sassauta, rabin rumbun na yamma yana nan tsaye, zanarsa uku ɗaure, ƙarƙashinta a bushe.

Baba Illo ya shigo da igiya da icce a kafaɗa. Taimako ya kawo, wannan kam na shaida. Amma bakinsa ya riga hannunsa. Ya dubi abin da ya rage, ya ce ashe baƙuwar ta ɓata hanya, ta gabas ta biyo. Baba ya ɗauki guntun ƙafar tsani da hannunsa mai lafiya ya shirga masa a baki. Na ji ƙarar. Baba Illo ya faɗi, Baba ya hau shi ya danna fuskarsa cikin ruwan laka, ya danna, ya ƙara dannawa, Inna na jan ƙafarsa tana kiran sunan Allah. Sai da maza uku sunka tsallako katanga sunka ɗaga shi. Baba Illo ya zauna yana tari, jini na bin gemunsa. Ya laluba cikin laka ya samo haƙoransa biyu, ya ɗauraye su, ya sa aljihu, ya fita. Da ma ya yi zagi, da ya fi.

Da gari ya waye rana ba ta fito ba. Iska ta dawo ta yamma, yayyafi ya fara, siriri, ba tsawa ba walƙiya. Kwana shida yana yi. Markar da Baba ya faɗa ce, ta hanyar da ya faɗa, sai dai ta tarar ba abin da za ta narkar. Sai bana, a rediyon nan, na ji yadda abin yake. Mutumin ya ce danshin daga teku yake zuwa, ta ƙasa-ƙasa, ta kudu maso yamma, ya wuce mu ya taru, sai wata iska ta can sama da ke zuwa daga gabas ta tattaro shi ta jefo mana. Na ajiye taɓarya na zauna. Ashe ruwan wucewa yake ya ga gida, sannan ya dawo ta baya.

Hatsin da munka tsamo munka kwance a ɗaki, bisa gado, bisa tabarma, wani anka rataya ga azara. Ba rana, ba ya bushewa. Matan unguwa sunka zo, har Habsu matar Baba Illo ta zagayo ta bayan gida kada mijinta ya sani. Jiƙaƙƙen hatsi ba ya sussukuwa, sai dai a murje shi da hannu, munka yi ta murza har tafin hannunmu ya yi jini. Abin da anka murje a zuba tukunya a soya. Icce duk ya jiƙe. Munka ƙona ragowar tsani, munka ƙona karan gadon Inna. Daga ƙarshe Inna ta fita da wuƙa ta yanko zana ukun nan ta cusa su a murhu ɗaya bayan ɗaya, Baba na zaune bakin ƙofa da kumburarren hannu yana kallo. Hayaƙi ya cika ɗakin, idon kowa ja, Rabi na tari kamar za ta shiɗe. Kwana na uku zangarniyar ta fara fitar da fararen saiwoyi, ta fara tsami, wata ta yi baƙin fumfuna. Muna murza tana tsira a hannunmu. Abin da munka ceta bai cika buhu ba.

Tulin lakar rumbun kuwa, da hatsin da ya danne, ya yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma.

Baba ya yi kwanaki bai fita gindin bedi ba. Ko masallaci sai an tada salla yake shiga ya tsaya sahun baya. Wata safiya ya tsuguna gaban koren nan ya daɗe, sai ya tashi ya ɗauko kwando ya fara cirar tsiron da lakarsa. Ruwan ranar hadarin ya wanke rabin gonarmu ta wajen kwari, ya ce can za a dasa. Hatsin mutane ya kai gwiwa a lokacin. Duk wanda ya ji ya ce lokaci ya wuce, ba zai kai ba. Baba ya ce ruwan bana ba zai ɗauke da wuri ba.

Inna ta tsaya bisa kansa, tsumma ɗaure a goshinta.

"Wanga karon ma tekun ta ce?"

"Ita ta ce."

Ta dube shi har na zaci za ta kife masa kwandon a ka. Sai ta sunkuya ta ɗauka ta aza.

Kwana huɗu muna dashe cikin yayyafi. Baba ya soka sanda, ni in sa tsiro, Inna ta danne da ƙafa. Daga nan yunwar ta zauna sosai. Hurar soyayyen hatsi sau ɗaya a wuni, mai warin hayaƙi, ruwa ya fi gari. Sauran tafasa da lalo da gasaya, a dafa a matse a ci ba ƙuli ba mai. Duniya kore ko'ina, hatsi ya fi mutum tsawo, cikinmu na kuka a tsakiyarsa. Inna ta faɗi tsakanin kunya biyu tana noma, Baba ya kwara mata ruwan gora ta tashi ta ɗauki hauyarta. Cikin Rabi ya kumbura, gashinta ya yi ja, Inna ta goya ta a ƙafa har likita a Tajaye. Ta rayu, amma har yau in ta tsaya cikin sa'o'inta ita ce ƙarama. Katanga ɗaya tsakaninmu da rumbun Baba Illo, muna jin ana sussuka kullum safe. Baba ya ce wanda ya je can ya bar masa gida. Habsu takan jefo ƙullin gari ta bisa katanga in maza sun fita, Inna ta ɓoye cikin zane.

Ruwa bai ɗauke ba. Mutane sunka girbe nasu, har wasu damma na ruɓewa a gona, shi yana ta zuba. Dashenmu ya yi ciki, ya fitar da kai, ya zuba ido. Da yake shi kaɗai ya rage tsaye a duk karkarar, tsuntsayen duniya sunka taru kansa. Tun fitowar rana ni da Inna muna kaɗa gwangwani muna ihu har muryata ta tafi, Baba na zagayawa da majajjawa. Da munka girbe, rabin gonar nan da anka dasa ya fi rabin da anka shuka. Ba wanda ya zo ya ce wa Baba ka yi gaskiya. Shi ma bai nema ba.

Munka tara damman a tsakar gida, daidai inda rumbu yake dā. Kwana uku gara ta same su ta ƙasa, ɓeraye ta sama, awakin unguwa ta gefe. Ginin rumbu aikin rani ne, yana son magini da ruwa da namiji zaune a gida, ga shi Baba ba shi da zama, ɗakinmu ma a tsage yake. Inna ta juya dami ɗaya ta nuna masa ƙasansa, ya yi fari da gara. Ta ce ya zaɓa, ko wansa ko gara.

Ya tafi. Na bi shi daga nesa. Baba Illo na zaure yana tufkar igiya. Baba ya cire hula ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune kafin a ɗaga kai a dube shi. Baba Illo ya ce, iska na fita ta wurin haƙoran, rumbunsa akwai wuri, jini ba ya ƙin jini. Amma rumbu baki ɗaya gare shi, kuma mai shi ɗaya ne. Abin da ya shiga, shi ke liƙewa, shi ke buɗewa. Baba ya ce ya ji. Baba Illo ya ce kuma ba ta bisa katanga za a miƙo ba, ta ƙofa za a shigo da su.

Baba ya ɗauke su a ka ɗaya bayan ɗaya, ya fita zaurenmu, ya bi ta gindin bedi inda mutane ke zaune, ya shiga na wansa. Bai bari mun taya shi ba. Ranar kasuwa ya ɗauki jakarsa, ya ce in ya dawo zai gina wanda ya fi na dā. Shekara huɗu yana aiko da saƙo, ta biyar jakar anka aiko, da ta'aziyya.

Amma a daminar farko ba mu san haka ba, kullum muna sauraren mota. Ruwan shuka ya sauka bai zo ba. Inna ta yi jiran kwana biyu, na uku ta yafa zane ta ce in biyo ta. Ta tsaya gindin tsanin Baba Illo, kanta a ɗage, tana jiran ya gama karya kumallo, ya gama gaisawa da baƙo, ya hau. Bai taɓa tauye mana ko zangarniya ɗaya ba, wannan ma na shaida. Ya fasa laka, ya shiga, ya ce ba a rikita na Sha'aibu da na kowa, ɗaurin masunta ya yi musu. Ya miƙo ɗaya.

A gida Inna ta ajiye damin bakin turmi ta tsuguna za ta kwance. Ta ja ta nan, ƙullin ya ƙara cijewa. Ta ja ta can, haka. Ta sa farce, ta sa haƙori. Ta juya shi ta duba yadda igiyar ta shiga ta fita, ta daɗe tana dubawa, yatsanta bisa ƙullin. Rabi ta kama bakin turmi tana kuka, rana ta yi sama, ga shuka na jiranmu.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ke wagga, miƙo mini wuƙa."